Baba Abdulwadud da Jifan Faifai

Duk wanda ya zauna a Rusaifa ya san Baba Abdulwadud. In bai san sunansa ba, to ya san hularsa, wata jar dara da ta koɗe har ta koma launin shayin da aka yi wa rowar ganye. Mutumin Sakkwato ne. Ya zo Makka yana saurayi, shi da mahaifinsa. Mahaifin ya koma gida, shi kuma ya ce zai biyo baya da zarar ya ga Hajji ɗaya tak. Har yau bai gama gani ba.

Yawancin shekara asuwaki yake sayarwa a bakin masallacin unguwa, amma wannan ba ya kiransa aiki, jira yake kiransa. Aikinsa na Mina ne. Shi ke riƙe tuta ya ja ayarin alhazanmu daga tanti zuwa wurin jifan Shaiɗan, ya dawo da su ba wanda ya ɓace. Kuma da yake shi ma yakan ɗaura harami, tsofaffi da marasa lafiya sukan damƙa masa tsakuwarsu ya jefa musu. Wakilci ke nan, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ka fara jefa taka, sannan ka jefa ta wanda ya wakilta ka. Baba yakan ce babu tsohuwar da ta taɓa ba shi amanar tsakuwa ta faɗi a wajen rami.

Matsalar ita ce hannun nan ya fara rawa. In ya ɗauki kofin shayi, rabi na bakinsa, rabi na rigarsa. Idon ma ya yi hazo. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, ban da mutum ɗaya: Idris, wanda shi ne yanzu yake zaɓar ma'aikatan da za a tafi da su Mina. Baba ne ya fara riƙe hannun Idris ya nuna masa hanyoyin tantunan nan tun gemu bai fito masa ba. Yanzu Idris ya yi tumbi, ya yi waya biyu, ya fara cewa bana Baba hutawa zai yi. Shi kuwa Baba, a ce masa hutu a lokacin Hajji, gara a ce masa ga likkafani.

Ni sunana Zali. Karatuna a aji biyu na sakandare ya ce mini sai wata rana, tun muna Kano. A nan Makka na yi wankin mota, na yi dakon ƙanƙara a Arfa, na yi gidan burodi har mai gidan ya roƙe ni da girman Allah in nemi wata sana'ar. Wurin zamana na dindindin shi ne bencin shagon aski na Mukhtaru, kuma a nan wannan magana ta samo asali.

Shekarar da azumi ya faɗo a watan Mayu, Mukhtaru ya sayo wata tsohuwar na'urar dish a kasuwar gwanjo. Tashar ƙwallo yake nema, sai ta kamo masa wata tashar Turawa da ta kafe a kai, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai su maimaita wata gasa. Ƙartin maza biyu, kowanne da riga mai walƙiya, su tsaya gaban wani faifai mai zane-zane da aka rataye a bango, suna jifansa da 'yan ƙananan kibau uku-uku. A bayansu jama'a ce dubbai, wani ya yi shigar ayaba, wani ta kaza, kowa riƙe da ƙaton kofi na abin da ba a ambatar sunansa a garin nan. Duk lokacin da aka hasko su, Mukhtaru sai ya yafa wa talabijin ɗin mayafin aski, ya ƙirga a ransa, ya ɗage.

Ranar farko Baba ya shigo gyaran gemu, ya tsaya ya ƙura ido.

"Mi waɗanga ke yi?"

"Jifa, Baba," na ce. "Su ma sun samu nasu."

"Ja'iri, kama bakinka." Sai ya ja kujera har gaban talabijin. Bai ƙara fashin Juma'a ba.

Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne, ga ɗigo ja-jawur a tsakiyar faifan, ko makaho ya san nan ne wurin. Amma ƙartin nan kullum sama suke kaiwa, kibiya uku su cushe a wani ɗan siririn layi can kusa da goshin faifan. Mai sharhi kuma ya ɓarke da ihu kamar an taka masa wutsiya, jama'a su miƙe suna rawa.

"Wanga ƙato," in ji Baba, "ci da shi ake yi don ya yi jifa, kuma sau uku yana kuskure wuri guda. Da a Mina ne da ya fasa kan wani ɗan Indunusiya."

Na biyu kuma lamba. Kowa da ɗari biyar da ɗaya yake farawa, tana ta raguwa. Mu dai a saninmu mai yawa shi ne a gaba. Amma sai wanda tasa ta ƙare ƙarƙaf ya yi tsalle yana dukan ƙirji, mai sauran lamba kuma ya sunkuyar da kai. Mukhtaru ya ce ɗabi'ar Turawa ce, in an ka da su sai su yi murna don kada a ga zafin ransu. Idris ya ce a'a, wanda ya ci ne yake nuna tawali'u. Aka juyo kaina, tunda ni ne mai Turanci a shagon.

Na kasa kunne, na gyaɗa kai. "Mai sharhin ya ce duk ku biyun kuna da gaskiya."

A cikin 'yan wasan akwai wani dattijo mai sanƙo da ƙaton ciki, muka sa masa Mai Tumbi. Shi kibansa warwatsuwa suke yi, wata dama, wata hagu, wani sa'in wata ta leƙa kusa da tsakiya. Kullum kuma lambarsa ta fi ta kowa yawa a ƙarshe. Kafin ya saki kibiya sai ya ɗaga hannu, ya sauke, ya sake ɗagawa, kamar mai jayayya da yatsunsa. Baba ya ɗauke shi ɗan uwa.

"Wanga shi ya san jifa. Ba ya gaggawa, ba ya ɓarna. Ku dubi lambar da ya tara."

Haka muka yi makonni muna taya Mai Tumbi murnar nasara, shi kuma yana fita daga dandali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Muka ce kunya ce irin ta manya.

Wata Juma'a Baba ya shigo fuskarsa a murtuke. Ashe ya je gida yana yi wa 'yarsa Salwa kurin mutuminsa, ita kuwa haifaffiyar nan ce, Larabci ya fi zama a bakinta, ta latsa waya ta karanto masa dokar wasan kaf.

"Ɗiyata ta ce wai baya-baya ake ƙirgawa."

Mukhtaru ya tsayar da injin aski.

"Wai wanda ya riga ƙarar da tasa shi ya ci. Wai wancan siririn layin na sama ninki uku ne, ya fi tsakiya."

"To ai Mai Tumbi bai taɓa ci ba ke nan," in ji Mukhtaru.

Baba ya juyo kaina. "Kai da kake fassara muna?"

"Baba, shi kansa mai sharhin bai gane ba. Me kake tsammani yake sa shi ihu?"

Ya kai mini duka da hula, na goce. Ya zauna, can sai ya ce, "Ashe kamar tsakuwa ce. Wanda ya ƙarar da ta hannunsa shi ya sauke nauyi." Wannan ya karɓa. Amma maganar wai gefe ya fi tsakiya, ya ce ko Salwa ta kawo malamin da ya rubuta wayar ba zai yarda ba. Mai Tumbi kuwa bai sake shi ba. Ya ce mutum ba ya gudun ɗan uwansa don an gano ba ya ci.

Da gasar ta kai rabi, sai muka nemi Mai Tumbi muka rasa. Juma'a ta zo ba shi, wata ta zo ba shi. Baba ya fara tambaya ko rasuwa ya yi, har yana shawarar ko ya halatta a ce Allah ya sa ya huta. Aka sake aikawa wurin Salwa. Amsa ta dawo cewa lafiyarsa ƙalau, a tsarin gasar ne in an kai tsakiya ake sallamar na ƙarshe.

Idris yana kan kujera ana yi masa saisaye, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ka gani ko, Baba? Ko Turawa in hannu ya gaji sallamar mutum suke yi, kuma ba a faɗa."

"Da wa kake?"

"Da kai nake, Allah ya ba ka haƙuri. Ka san yadda gadar wurin jifan nan take cika. In ka faɗi a tsakiyar mutane da tuta a hannu, me zan gaya wa Salwa? Ka zauna bana, halas, magana ta ƙare."

"Idi, ni kake ce wa halas?"

"Hannunka ne ya ce, Baba, ba ni ba."

Baba ya miƙe, ya nuna talabijin da hannun nan mai rawa. "A kawo irin wanga faifai. Ni da kai. In na ka da kai, ina Mina bana. In ka ka da ni, na zauna gida in tsare asuwakina."

Idris ya yi dariya ya ce ya yarda, a gaban shaidu. Na san abin da ya ƙirga a ransa: tsohon zai sha kaye, maganar ta mutu ba tare da shi ya kashe ta ba. Aka sa rana, Juma'ar ƙarshe kafin azumi, ranar da su ma Turawan za su yi wasansu na ƙarshe.

Ni aka aika kasuwar gwanjo. Na samo faifai a wurin wani ɗan Filifin, gefensa ya ci, da kibau uku, ɗaya an ɗaure mata gashin baya da zare. Muka kafa shi a bango tsakanin madubi da kalanda. Da yake ba mai iya lissafin baya-baya, Mukhtaru ya yanke doka irin ta Rusaifa: kowa kibiya uku, a tara lamba, mai yawa ya ci. Muka koma kan gaskiyarmu ta asali.

Kafin wani lokaci unguwa ta kamu. Direbobi, masu gini, har da Suhaibu, wani ɗalibin jami'a mai karatun fiƙihu da ya zo aski ya zarce. Bangon Mukhtaru ya koma kamar fuskar mai zanzana. Idris kuwa, abin haushi, hannunsa ya faɗa. Ba gwani ba ne, amma uku dai suna kama faifan.

Atisayen Baba shi ne abin kallo. Zai ɗaga hannu sama har a ga hammatarsa, yadda ake yi a Mina, ya yi kabbara, ya wurgo kibiyar ta yi baka kamar tsakuwa, ta sauko da gindi. In ya jefa uku sai ya miƙo hannu yana jiran sauran huɗu, don a wurinsa jifa bakwai ne. Da na ciro waɗanda ya jefa na miƙa masa, sai ya janye hannu.

"Ba a jifa da wadda aka riga aka yi jifa da ita."

"Baba, guda uku ce da mu a duniya."

Aka kira Suhaibu ya raba gardama. Ya shafa gemu ya ce shi dai a littattafan da ya karanta bai ci karo da babin faifai ba, amma a ganinsa babu laifi. Baba ya ce yaran yanzu komai babu laifi, ya karɓa yana gunaguni. Ya huda kalanda, ya huda kwalin sabulu, sau ɗaya ya tsire takalmin wani direba da ƙafar a ciki, Allah ya taƙaita tsakanin yatsu ta bi. Faifan dai suna gaisawa daga nesa.

Na same shi wata rana bayan la'asar a bakin tiren asuwakinsa, yana riƙe da wuyan hannun damansa da na hagu, yana kallonsa.

"Zali, wanga hannu nawa ne kuwa?"

Na buɗe baki in yi wasa, wasan ya ƙi fitowa. Na ce nasa ne. Ya ce shi ma da haka yake zato.

Ranar Juma'ar shago ya cika har waje. Talabijin na kunne, Turawa na can suna wasansu na ƙarshe da wuta da hayaƙi, amma ba mai kallonsu. Mukhtaru ya ja layi a ƙasa da sabulun aski. Suhaibu na kan kujera, an aske masa rabin kai aka bar rabi, don Mukhtaru ya ce alƙali ba ya riƙe aska.

"Baba ne babba, shi zai fara," in ji Idris.

Baba ya taka layi. Ya karɓi kibau, ya ɗaga hannu. Hannun ya kama rawa, bakin kibiyar yana nuna madubi, yana nuna silin, yana nuna ni. Jama'ar gaba suka dare. Ya sauke. Ya sake ɗagawa, yatsun suka ƙi buɗewa. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗina.

Sai na ji ya ce, "Na gaza. Ni tsoho ne mai uzuri. Zan wakilta."

Shago ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce ba a yi haka da shi ba, wani ya ce ai dama jifa da wakilci tare suke tafiya. Na gyara tsayuwa na fara naɗe hannun riga, don wa zai zaɓa in ba ni ba?

Baba ya wuce ni kamar turken wuta, ya kama hannun Idris, ya zuba masa kibau a tafi.

"Idi, na wakilta ka."

"Baba, ni ne fa abokin karawarka!"

"Na sani. Wa ya fi ka hannu a shagon nan? Wancan?" Ya nuna ni da haɓa. "Wancan ko rijiya aka ce ya jefa, a baki za ta tsaya."

"Wallahi wannan ba tsari ba ne. Malam Suhaibu, ka yi magana mana!"

Suhaibu ya taɓa ɓangaren kansa mai gashi, ya taɓa marar gashi. Ya ce ta wata fuskar bai kamata ba, ta wata fuskar kuma bai ga abin da ya hana ba, kuma yana roƙon a bar shi ya yi bincike zuwa bayan salla.

"Idi," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa, "tun kana bina a Mina, ka taɓa ganin tsoho ya miƙo tsakuwarsa na mayar masa?"

Idris ya dubi kiban, ya dubi ƙofa kamar mai neman hanyar gudu.

"To fara da taka, yadda na koya maka."

Ya taka layi, ya jefa nasa: biyar, ɗaya, ashirin. Mukhtaru ya ƙirga da yatsu ya ce ashirin da shida. Na ciro kiban na mayar masa.

"Yanzu tawa," in ji Baba. "Tsakiya nake so. Amana ce, Allah na ganin hannunka."

Ban taɓa ganin mutum ya yi gumi irin na Idris a lokacin ba. In ya jefar a bango da gangan, ya ci amanar tsoho a gaban unguwa, kuma wace tsohuwa za ta ƙara ba shi tsakuwa? In ya jefa da gaske, kansa zai ka da. Ya share goshi, ya yi bisimilla, ya auna tsakiya. Ta farko ta faɗa uku. Ta biyu ta faɗa bakwai. Sai ya ɗan saki numfashi, don goma ba ta kai ko'ina ba. Ya ɗauki ta ukun, mai zaren nan, ya auna jan ɗigon tsakani da Allah, na ga idonsa. Ta karkace, ta gangara ƙasa, ta cake a siririn layin sha bakwai.

Mukhtaru ya matsa ya leƙa, ya sake leƙawa. "Ninki uku ne. Hamsin da ɗaya. Da goma, sittin da ɗaya. Baba ya ci!"

Shago ya kece. Wani direba ya ɗaga Suhaibu da kujerarsa. Ana rungumar Baba, ana rungumar Idris, wasu na yi masa barka, wasu jaje, mutum ɗaya ya yi masa duka biyun. Baba kuwa yana tsaye yana jan rigata.

"Ta shiga tsakiya?"

"A'a, Baba, can ƙasa ta faɗa."

"To ya kuskure ke nan. Mi ake wa ihu?"

"Kuskuren ne ya ci."

"Wa ya ci?"

"Kai."

"Da kuskure?"

Idris ya zauna a benci ya dafe kai. "Ni fa ban gane ba. Ni na jefa shida, an ce an ka da ni. Kuma abin da ya faru a gabanku ai shi ne maganata, hannun ya ƙi."

"Hannun ya ƙi," in ji Baba, "amma jifan ya isa. Ko ba shi ne aikin ba?"

Aka kwashi wata sabuwar gardamar har aka kira la'asar. Sai a masallaci wani ya tuna da Turawan. Da muka dawo sun gama, wani mai jan gashi da ba ma ko shiri da shi yana sumbatar kofi.

Idris bai saɓa alkawari ba, sai dai ya gindaya sharaɗi: Baba ba zai ƙara karɓar tsakuwar kowa ba, kuma duk inda ya sa ƙafa, ni zan kasance a bayansa. Baba ya ce sharaɗin farko ya ji, na biyun kuwa azaba ce da bai san laifin da ya yi ba. Haka na samu aikin Mina a shekarar, aikin farko da na kai ƙarshensa.

Ranar jifan farko muka fito daga tanti da hantsi, rana tana dukan ƙeya, mutane kamar an buɗe dam. Baba na gaba da tutarsa a sama, ni ina riƙe da gefen haraminsa, Idris na can baya yana ihu a waya biyu. Tutocin sauran ayarori a tsaye suke ƙyam, tamu kuwa sai karkarwa take yi kamar mai zazzaɓi. Tsofaffi suka riƙa miƙo masa ƙullin tsakuwa, yana tura su wurin samarin da suka ɗaura harami, yana gaya wa kowanne ya fara da tasa.

Da muka dawo aka ƙirga ayari, ba wanda ya ɓace. Wata hajiya 'yar Gusau ta zauna a bakin tanti tana haki, ta ce ita sau biyu tana rabuwa da mutane, amma da ta ɗaga kai sai ta hango tutar nan tana yi mata alama.

"Allah ya yi maka albarka, Malam. Duk cikin masu tuta kai kaɗai ka damu ka riƙa kaɗa ta."

Idris ya buɗe baki. Baba ya dube shi, Idris ya rufe.